Suna Yaba Mini, Amma Ba Mai Sa Hannu a Aljihu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ya iyali, ya sanyi? Ni 'yar Zariya ce, na zo Ingila karatun digiri na biyu, yanzu ina kan bizar da ake ba waɗanda suka gama. Tun ina makaranta nake aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Leeds. A nan na ga irin wahalar da manaja ke sha idan ma'aikaciya ta bugo da asuba ta ce ba za ta zo ba. Sai ta yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, in ba a dace ba a kira ejensi, wato kamfanin da ke ba da hayar ma'aikata, su kuma su tsauwala kuɗi. Bayan na gama karatu, ni da ɗan yayata da ke Kaduna, wanda ya iya rubuta manhaja, muka haɗa wata manhajar waya da ke sanar da duk ma'aikatan gidan nan take, mai sarari ya danna ya karɓi aikin. Gidaje 6 na amfani da ita, 4 suna biyan fam 150 a wata. Na sha tsayawa gaban masu zuba jari. Kowa sai ya ce abin sha'awa ne, in riƙa sanar da shi halin da ake ciki, daga nan shiru. Na fara zargin ko harshena ne, ko hijabina. Ga shafukan da nake nunawa na haɗo maka. Kawu, ina gizo ke saƙar?

'Yarka a Leeds

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Iyali lafiya lau, sanyi kuma an gode Allah.

Na buɗe shafukan nan 24 na bi su da alƙalami a hannu, yadda nake bin littafin kuɗin kamfani idan an kawo mini. Shafi na farko godiya ce ga waɗanda suka ba ki dama. Na biyu zuwa na biyar tarihinki ne, daga Samaru har filin jirgin Manchester. Sai a shafi na 17 na tarar da cewa akwai mutanen da ke ciro kuɗi duk wata suna biyan ki. Shafi na 17! A can ƙasa ma, da ƙananan haruffa, kamar kin aikata abin kunya. Wani kamfanin Amurka mai suna DocSend, wanda ta hanyarsa ake tura irin waɗannan shafuka, ya taɓa auna lokacin da masu jari ke ɗauka suna dubawa. A binciken da ya fitar a 2015, matsakaicin minti 3 ne da daƙiƙa 44. Ki lissafa da kanki ko mutum zai kai shafi na 17 kafin ya rufe.

Ga abin da na gani a takardunki: kina shiga ɗakin ne a matsayin mai neman taimako. Alhali ciniki ya kai ki. Kaso ne na kamfaninki za ki sayar, shi kuma wanda ke zaune yana kallon ki riba yake nema, ba lada ba. Ki tuna mai rago a kara ana gobe Sallah. Mai saye ba ya tambayar sa wahalar da ya sha a hanya. Bakin ragon yake buɗewa ya duba haƙori, ya danna gadon baya ya ji nama, ya tambayi kuɗi. Mai ragon kuma ba ya sunkuyar da kai, don ya san abin da ya kiwata.

To bari in rubuta miki minti ɗaya na farko da Hausa, ke ki juya shi yadda bakinki zai ɗauka:

"Idan ma'aikaciya ta bugo ƙarfe biyar na asuba ta ce ba za ta zo ba, manajar gidan tsofaffi na da awa biyu kafin a karɓi aiki. Na tsaya kusa da ita ina kallo tana wannan kiran, don a gidan nake aiki. Manhajarmu na cike gurbin cikin minti kaza. Gidaje 6 a Leeds na amfani da ita, 4 suna biyan fam 150 a wata. Muna neman fam 150,000 don mu kai gida 40 masu biya cikin wata 18."

Inda na sa "kaza", ki je ki samo ainihin lambar daga cikin manhajar. Ki kuma roƙi ɗaya daga cikin manajojin ta nuna miki abin da take biyan ejensi a wata kafin zuwanki da abin da take biya yanzu. Wannan tazarar ita ce hajarki. In ta yarda ki ɗauke ta bidiyo na rabin minti tana faɗa da bakinta, ya fi shafi goma na bayaninki. Sauran shafukan ki rage su zuwa goma ko sha biyu: matsalar, maganin, masu biya, girman kasuwa, abokan hamayya, ku waye, nawa kuke nema, me za ku yi da shi. Maganar abokan hamayya kuwa, na ga kin rubuta babu. Akwai. Kamfanonin manhajar jadawalin aiki sun cika ƙasar nan, kuma babban abokin hamayyarki shi ne zauren WhatsApp da kowace manaja ke da shi kyauta. Mai jari ya san haka, yana jira ne ya ji ko ke ma kin sani.

Ban ce ki binne tarihinki ba. Ki sa shi inda zai yi miki aiki. Taavet Hinrikus da Kristo Käärmann 'yan Estoniya ne da a lokacin suke zaune a Landan. Ɗaya ana biyan sa albashi a Estoniya alhali fam yake kashewa, ɗayan yana karɓar fam yana da bashin gida da yake biya can gida. Suka ga banki na yankar su a canji, sai suka fara musaya a tsakaninsu, abin da duk ɗan canji a Wapa zai gane tun kafin a gama faɗa masa. Daga nan aka haifi TransferWise a 2011, kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe wanda yau ake kira Wise. Labarin baƙuncinsu bai wuce layi uku ba, kuma kowane layi hujja ne cewa sun san ciwon daga ciki. Ke ma haka. Yawancin masu rubuta manhajar gidajen tsofaffi ba su taɓa juya tsoho a gado ƙarfe uku na dare ba. Ke kin yi. Kin san dalilin da ya sa ma'aikaciya ke ƙin ɗaga wayar manaja ranar hutunta, amma ta danna maɓalli idan ba wanda ke matsa mata. Shi za ki faɗa, ki bar labarin yadda kika sha sanyi a tashar bas.

Yanzu maganar da ta fi zafi, wadda na san daga gida kika taho da ita. An yi mana tarbiyya a kan kada mu yabi kanmu. In an tambaye mu ya kasuwa, mu ce muna ɗan taɓawa. In babba na magana, mu kawar da ido. A Zariya wannan ladabi ne, kuma duk mai hankali zai gane cewa "muna ɗan taɓawa" na iya nufin shago uku. Bature mai jari ba shi da wannan kunnen. In kika ce kuna ɗan gwadawa, ya rubuta cewa gwaji ne. In kika kawar da ido lokacin da ya tambayi kuɗin shiga, ya ɗauka akwai abin da kike ɓoyewa. Faɗin lamba ba alfahari ba ne. Fam 600 ke shigowa a wata, ki ce fam 600, kina kallon sa, ki yi shiru. Kada ki ƙara "kawai", kada ki yi dariyar neman afuwa. In sha Allah kuwa ba wanda ya isa ya raba ki da ita, ni ma ba na barin ta. Amma ki fara kawo wata da adadi, sannan ta biyo baya. "Za mu kai gida 15 kafin ƙarshen Maris, in sha Allah" magana ce. "Za mu bunƙasa in sha Allah" addu'a ce, kuma ba a rubuta cek a kan addu'a.

Zargin da kike yi game da harshe da hijabi ba zan ce miki mafarki kike ba. A 2013 Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, kamfanin Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ya faɗa a wata hira cewa shugaban kamfani mai nauyin harshen baƙi alama ce marar kyau a wajensu. Aka yi masa ca, ya dawo ya ce nufinsa wanda ba a gane abin da yake faɗa. A shekarar ce kuma wata malamar jami'a, Laura Huang, da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya nuna masu harshen baƙi sun fi rasa jari, saboda ana ɗaukar su a matsayin waɗanda ba za su iya jan ra'ayin mutane ba. A nan Birtaniya, rahoton Extend Ventures na 2020 ya gano cewa daga 2009 zuwa 2019, kashi 0.24 cikin 100 na jarin da ake zuba wa sababbin kamfanoni ne ya je hannun baƙar fata, kamfanoni 38 ke nan a shekara goma. Don haka ƙofar a ƙunce take, gaskiya ne. Amma a 2022 wata cibiya a Amurka, National Foundation for American Policy, ta ƙirga sababbin kamfanonin da darajarsu ta kai dala biliyan ɗaya, ta tarar 319 cikin 582 akwai baƙo a cikin waɗanda suka kafa su, 'yan Indiya da Isra'ila a gaba. Waɗannan ma ba da harshen Sarauniya suka yi magana ba. Hijabinki ki bar shi inda yake. Harshenki kuma kada ki murɗe shi ki koma kwaikwayon mutanen Yorkshire, abin dariya za ki zama. Ki rage gudu, don mukan yi sauri idan gabanmu na faɗuwa. Kowace lamba da za ki faɗa ta kasance a rubuce da manyan haruffa a bayanki. Ki ɗauki kanki a waya kina yi, ki kunna wa wata abokiyar aiki 'yar ƙasa, ki ce ta maimaita miki abin da ta ji. Inda ta yi tuntuɓe, nan za ki gyara.

Sai dai ina ganin rabin shirun da kike samu ba daga bakinki yake ba, daga ɗakin da kike shiga ne. Mu yi lissafi. Gidajen kula da tsofaffi da nakasassu da hukumar da ke sa ido a kansu, CQC, ta yi wa rajista a Ingila sun kusa 15,000, kuma jerin sunayensu na nan kyauta a shafinta. A ce dukkansu sun zama naki, kowanne fam 150 a wata. Fam miliyan 27 ke nan a shekara. A wajena da wajenki dukiya ce. A wajen manyan asusun jari kuwa ƙarama ce, saboda yadda sana'arsu take: kuɗin wasu suke juyawa na kimanin shekara goma, yawancin kamfanonin da suka zuba wa kan mutu ko su dawo da uwar kuɗi da ƙyar, don haka suna neman guda ɗaya da zai biya asarar sauran duka. Wanda ya ji lissafinki ya ce "abin sha'awa", ƙila gaskiyarsa yake faɗa, hajar ce ba irin tasa ba. In kina son su, sai kin nuna inda za ki faɗaɗa, kamar kamfanonin da ke tura ma'aikata gidajen mutane, ko ki ɗauki kaso daga kowane gurbi da aka cike maimakon kuɗin wata kaɗai.

Ni dai a matakin da kike, ɗaiɗaikun masu kuɗi nake ba ki shawara ki nema, musamman waɗanda suka taɓa mallakar gidan tsofaffi ko suka yi aikin lafiya. Ba sai kin yi musu bayanin ciwon ba. Kuma a nan ne na ga babban giɓi a shafukanki, don ko sau ɗaya ba ki ambaci SEIS ba. Tsari ne da gwamnati ta kawo a 2012: wanda ya sayi hannun jari a ƙaramin sabon kamfani, ana rage masa rabin kuɗin daga harajinsa. Ya ba ki fam 20,000, a sauke masa 10,000, muddin ya riƙe hannun jarin shekara uku. In kamfanin ya rushe ma akwai ƙarin sassaucin asara. Tun Afrilun 2023 kamfani na iya tara har fam 250,000 ta wannan hanya, in bai wuce shekara uku da fara kasuwanci ba kuma ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akwai takardar tabbaci da ake nema tun da wuri daga hukumar haraji, HMRC, kuma za su so ganin sunan wanda ke shirin zuba kuɗin. Da yawan masu kuɗin nan tambayar farko da suke yi ke nan. Ki same ta, ki rubuta a shafin ƙarshe.

Akwai kuma tambayar da ke cikin kowane kai a ɗakin, ko an furta ko ba a furta ba: yarinyar nan za ta kasance a ƙasar nan bayan shekara biyu? Bizar da kike kai ta ba ki damar yin sana'ar kanki, amma ta shekara biyu ce kuma ba a sabunta ta. Kada ki jira a tambaye ki, ki riga su. Layi ɗaya ya isa: ga ranar da bizata za ta ƙare, ga wadda zan koma, ga inda maganar ta kwana. Hanyar da aka tanada wa irinku ita ce Innovator Founder, wadda aka buɗe a Afrilun 2023. Shekara uku ce, sai wata hukuma da gwamnati ta amince da ita ta sa miki hannu cewa kasuwancin sabo ne, mai yiwuwa, mai iya girma, kuma bayan shekara ukun ana iya neman zama na dindindin. Tun da kin riga kin fara karɓar kuɗi, ki zauna da lauyan shige da fice mai rajista tun yanzu ya duba yadda sharaɗin "sabo" zai hau kanki. Kada ki bari sai saura wata uku. Dokar baƙi ma ta ba ki hujjar da za ki amsa tambayar "me ya sa yanzu": tun 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko ma'aikatan kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, saboda haka kowane gida dole ya iya juya ma'aikatan da yake da su.

Sai ɗan yayarki. A shafi na 21 kin rubuta "injiniyanmu", babu kaso, babu komai. Na san amsar da za ki ba ni, amana ce, ɗanki ne. Mai jari zai tambaya wa ya mallaki manhajar, kuma in babu takarda, mai yiwuwa amsar ita ce yaron da ke Kaduna, ba kamfanin da ke Leeds ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka rubutu bai ci amana ba. Ya sa hannu cewa duk abin da ya rubuta na kamfani ne. Ku yanke kasonsa. Al'adar wannan kasuwa ita ce kason kowa ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara ɗaya ya tafi hannu rabbana, kuma sharaɗin har da ke. Ki duba takardar ɗaukar ki aiki a gidan tsofaffin ma, ko akwai sakin layi a kan abin da ma'aikaci ya ƙirƙira. Ki gaya wa yayarki kafin ta ji a bakin wani.

Masu cewa ki riƙa sanar da su, ki riƙe su da maganarsu. Farkon kowane wata ki tura musu imel gajere: gidaje nawa, kuɗi nawa, me ya lalace, me kike nema. Wanda ya ga 4 ta zama 7, ta zama 11, shi zai neme ki. Kafin ki fita daga kowane zama kuma ki tambaya kai tsaye: me za ka gani da zai sa ka zuba kuɗi, kuma wa ka sani da ya kamata in gani? Ki gaida yayarki.

TAMBAYA

Salam Kawu. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, ina zaune a Bronx. Wani ya yarda zai sa dala 100,000 a kamfanina na manhaja, amma takardar da ya turo akwai ruwa a ciki, wai bashi ne da zai rikiɗe ya zama hannun jari. Zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai wata hanya?

Ɗan'uwanka a New York

AMSA

Wa alaikas salam, Malam. Akwai. Abin da aka turo maka bashi ne na gaske, yana da ruwa da ranar biya, ko da yake galibi ruwan ba a karɓar sa a hannu, ana tara shi ne a mayar da shi ƙarin hannun jari. Tun 2013 Y Combinator ta fito da wata takarda mai suna SAFE wadda babu ruwa a cikinta kuma babu ranar biya, tana nan kyauta a shafinsu, kuma masu jari a Amurka sun saba da ita sosai, don haka neman a canza ba zai zama baƙon abu ba. Ba sai ka yi wa mutumin wa'azi ba, ka ce ka fi son SAFE. Ka lura da lambar da ake kira iyakar daraja, wato darajar kamfani mafi girma da za a yi lissafin kasonsa a kanta. A sigar da suka fitar a 2018, in ya ba ka dala 100,000 a kan iyakar dala miliyan 2, aƙalla kashi 5 cikin 100 ka sayar. In ka sake ba mutum uku irin ta, kashi 20 ya tafi, kuma duk daga jikinka ake yanka, ba daga nasu ba.

Fatawa ta malamai ce, ni akanta ne. Idan za ka kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi, ka nuna masa wurin da ya kamata ya duba: a SAFE ba a yanke farashin hannun jarin a ranar da aka karɓi kuɗi, sai nan gaba. In ya ce bai gamsu ba, sai ku yanke daraja yau, ka sayar masa da hannun jari kai tsaye, riba tare, asara tare. Kuɗin lauya zai ɗan fi yawa, ka sa shi cikin lissafinka tun kafin ku zauna.